Hagu Da Dama: Wane Ɓangare Aƙidar Libaral Take?

Duk mai bibiyar labaran duniya da harshen Hausa ya saba da wasu laƙabobi da ake liƙa wa jam'iyyun ƙasashen waje: masu ra'ayin riƙau, 'yan mazan jiya, masu tsattsauran ra'ayi, masu neman sauyi, da kuma masu sassaucin ra'ayi. Yawan jin su ya sa muka ɗauka mun san abin da suke nufi, har ma wasunmu kan ari laƙabin su yafa wa 'yan siyasar gida. To amma na ƙarshen nan, wanda da shi aka fi fassara kalmar nan ta Turawa, libaral, yana da wata matsala da ta cancanci a tsaya a dube ta. A Amurka idan aka ce da ɗan siyasa libaral, ana nufin ɗan hagu ne, mai son a ƙara wa attajirai haraji, gwamnati ta sa hannu a harkar lafiya da ilimi. A Ostareliya kuwa, jam'iyyar Liberal da Robert Menzies ya kafa a 1944 ita ce babbar jam'iyyar dama, abokiyar hamayyar jam'iyyar ma'aikata. A Japan, jam'iyyar LDP mai ɗauke da wannan kalma a sunanta ita ce gidan 'yan mazan jiya tun 1955. Javier Milei, wanda ya ci zaɓen Ajantina a 2023 yana ɗaga zarton inji a wajen yaƙin neman zaɓe don nuna yadda zai datse kashe kuɗin gwamnati, shi ma libaral yake kiran kansa. Idan duk waɗannan masu sassaucin ra'ayi ne, to me aka sassauta, kuma wa aka sassauta wa?

Kafin a kai ga amsa, ya kamata a raba abubuwa biyu da aka saba cakuɗawa, wato sunan aƙida da sunan mazauni. A ilimin harshe akwai rukunin kalmomin da ba su da tsayayyar ma'ana sai an san wanda ya furta su, da inda yake tsaye, da lokacin da ya yi maganar. Irin su ne nan da can, jiya da gobe, ni da kai. Idan ka tsinci takarda a ƙasa an rubuta "zan dawo nan gobe", ba ka ƙaru da komai ba, domin ba ka san mai rubutun ba, ba ka san ranar ba. Hagu da dama 'yan wannan gida ne. Gabas tana nan a gabas ko ina ka juya, amma hagunka ya danganta da inda ka fuskanta, kuma hagun wanda ke fuskantarka shi ne damanka. Gurguzu, jari-hujja, kishin ƙasa da libaral sunayen aƙidu ne, kowace da littattafanta da shaihunanta da abin da take da'awa. Hagu da dama kuwa kujeru ne, kuma kujera ba ta zaɓen mai zama.

Maganar kujeru a nan ba adon magana ba ce, haka abin ya faro. A shekarar 1789, lokacin juyin juya halin Faransa, majalisar ƙasa da ke zama a Basai ta shiga muhawara a ƙarshen Agusta zuwa Satumba kan ko Sarki Louis na 16 zai ci gaba da riƙe ikon hawa kujerar na-ƙi a kan dokokin da aka zartar. Masu goyon bayan sarki da coci da sarauta suka tattaru a hannun daman shugaban majalisa, masu son a rage ikon sarki suka koma hagunsa. Daga wannan tsarin zama aka sami laƙabin. Abin lura shi ne, waɗanda suka zauna a hagu a wancan lokaci yawancinsu lauyoyi ne da 'yan kasuwa da masu ilimi, kuma abin da suke nema shi ne tsarin mulki rubutacce, daidaito a gaban shari'a, 'yancin faɗin albarkacin baki, 'yancin addini, da kare dukiyar mutum daga ƙwacen mai mulki. Wato dai hagun farko a tarihi 'yan libaral ne, duk da cewa sunan bai zama na siyasa ba sai a majalisar Kadis ta ƙasar Sifen, wadda ta rubuta tsarin mulkin 1812, inda aka kira masu neman a taƙaita ikon sarki da suna liberales. Tushen kalmar daga Latin yake, liber, ma'ana ɗa wanda ba bawa ba. Babu sassauci ko kaɗan a cikin asalinta, 'yanci ne.

Haka aka ci gaba a mafi yawan ƙarni na 19. A Ingila, masu fafutukar a buɗe kasuwa, irin su Richard Cobden da John Bright na Mancesta, su ne ake gani a matsayin masu kare talaka, domin dokokin hatsi da suke yaƙa sun ɗora haraji a kan alkamar da ake shigowa da ita daga waje, abin da ya tsawwala farashin burodi don amfanin manyan masu gonaki. An soke dokokin a 1846. A Faransa, Frédéric Bastiat, wanda har yau masu kishin kasuwa ke karanta rubuce-rubucensa, a ɓangaren hagu ya zauna a majalisar 1848. Mai karatu ya lura da kyau: ra'ayin cewa gwamnati ta cire hannunta daga kasuwa, wanda a yau ake kira ra'ayin dama, a wancan zamani shi ne ra'ayin 'yan tawaye.

To me ya faru? Ba su ne suka tashi daga kujerarsu ba, zauren ne aka faɗaɗa ta gefe guda. Masana'antu sun haifar da rundunar ma'aikata, ma'aikata suka sami ƙuri'a, jam'iyyun gurguzu suka shigo majalisa suka zauna a hagun 'yan libaral. Wanda jiya yake ƙarshen sahu ta hagu, yau ya waiwaya ya ga mutum ɗari a hagunsa, sai ya wayi gari a tsakiya, jibi kuma a dama, alhali bai canja ko harafi guda daga abin da yake faɗa ba. Wani marubucin Faransa, Albert Thibaudet, ya bayyana wannan turereniya a 1932, ya nuna yadda sababbin jam'iyyu ke ɓullowa ta hagu suna tura tsofaffi zuwa dama. Misalin da ya fi burge ni shi ne na ƙasar Denmak. Akwai jam'iyyar da aka kafa a 1870 don kare manoma daga manyan masu ƙasa, sunanta Venstre, wanda a harshensu ke nufin Hagu, ba ƙari ba ragi. Wannan jam'iyya mai suna Hagu ita ce ta zama ginshiƙin ɓangaren dama na ƙasar. Ita ce ta ba da Firayim Minista Anders Fogh Rasmussen, wanda ya yi mulki daga 2001 zuwa 2009, ya tsaurara dokokin baƙi, ya kuma tura sojoji Iraƙi tare da George Bush. Malam Bahaushe ya ce suna linzami ne, amma ga dokin da ya bar linzaminsa a baya.

Sai dai turereniyar waje ba ita kaɗai ba ce. A cikin gida ma aƙidar ta dare biyu, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Dukkan 'yan libaral sun yarda cewa mutum ɗaya shi ne ma'auni, cewa yana da haƙƙoƙin da sarki ko jama'a ba su da ikon taɓawa, cewa mulki sai da yardar waɗanda ake mulka, kamar yadda John Locke ya shimfiɗa a 1689 da John Stuart Mill a 1859. Inda suka rabu shi ne kan tambaya guda: wane ne babban abokin gabar 'yancin mutum? Ɓangare ɗaya ya ce gwamnati ce, domin ita ke da bindiga da kurkuku da mai karɓar haraji, saboda haka a ɗaure mata hannu. Ɗaya ɓangaren ya ce yunwa da jahilci da ciwo ma sarƙa ne, kuma mutumin da ba ya iya karanta takardar da ya dangwala wa yatsa, ko wanda zai rasa abincin iyalinsa in ya yi wa maigidansa musu, 'yancinsa na takarda ne kawai. A wurin waɗannan, gwamnati na iya zama makamin 'yantarwa.

Wannan ra'ayi na biyu shi ne ya yi rinjaye a jam'iyyar Liberal ta Birtaniya a farkon ƙarni na 20. Ita ta kawo fanshon tsofaffi a 1908, da kasafin kuɗin Lloyd George na 1909 wanda ya ɗora wa masu ƙasa haraji har majalisar iyayen ƙasa ta yi fatali da shi, da inshorar lafiya da ta rashin aiki a 1911. John Maynard Keynes, wanda ya koyar da cewa gwamnati ta kashe kuɗi don farfaɗo da tattalin arziki idan ya durƙushe, ɗan Liberal ne. William Beveridge, wanda rahotonsa na 1942 ya zama tubalin tsarin jin daɗin jama'a na Birtaniya, shi ma haka. A Amurka, Franklin Roosevelt ya ɗauki kalmar ya liƙa wa shirye-shiryensa na ceto bayan ya hau mulki a 1933, kuma tun daga nan ta manne da hagu a can. Kafin zaɓen 1988 ta riga ta zama abin gori, har George Bush babba ya yi ta jifan Michael Dukakis da ita kamar wanda aka kama da kayan sata.

'Yan ɓangaren farko ba su yafe wannan ba. A ganinsu an yi musu fashin suna ne da rana tsaka. Friedrich Hayek, wanda littafinsa na 1944 ya yi gargaɗin cewa tsara tattalin arziki daga sama hanya ce ta komawa bauta, ya tara masu irin ra'ayinsa a Mont Pelerin na ƙasar Suwizalan a 1947. Margaret Thatcher da Ronald Reagan sun sha daga wannan rijiya, shi ya sa duniya ta sa Hayek a layin 'yan mazan jiya. Amma shi da kansa ya rufe littafinsa na 1960 da wani babi na musamman yana bayanin dalilin da ya sa shi ba ɗan mazan jiya ba ne. Hujjarsa ita ce ɗan mazan jiya yana tsoron sauyi, yana kuma son hukuma mai ƙarfi muddin tana hannun mutanen da ya yarda da su, shi kuwa bai yarda da hukuma mai ƙarfi a hannun kowa ba. Rigimar ta kai har cikin tsangaya guda: a jami'ar Harvard, John Rawls ya fitar da littafi a 1971 yana kare rabon arziki don amfanin mafi rauni, abokin aikinsa Robert Nozick ya mayar masa da martani a 1974 yana kamanta harajin da ake cira daga ladan aikin mutum da aikin tilas. Dukansu biyu daga zuriyar Locke suke.

Saboda haka idan aka tambaye ni ko aƙidar libaral ta hagu ce ko ta dama, sai in ce a faɗa mini ƙasar, da shekarar, da kuma batun da ake magana a kai. Jam'iyyar FDP ta Jamus ta yi gwamnati da 'yan SPD na hagu daga 1969 zuwa 1982, ta juya ta yi da 'yan CDU na dama, ta sake komawa wajen SPD a 2021, ƙawancen ya watse a 2024 kan rigimar bashi da kasafin kuɗi. Wani zai ce hawainiya ce. Ni a ganina ta fi sauran tsayawa wuri guda: a kan haraji da kasuwa tana tare da dama, a kan 'yancin mutum da hana hukuma leƙen asirin jama'a tana tare da hagu. Layi ɗaya miƙaƙƙe ba zai iya ɗaukar tambayoyi biyu ba, balle uku, in aka ƙara da ta addini da al'ada da baƙi. Masanin Italiya Norberto Bobbio ya yi ƙoƙarin ceto laƙabin a littafinsa na 1994, inda ya ce ma'aunin shi ne daidaito: ɗan hagu na ganin yawancin bambancin da ke tsakanin mutane al'umma ce ta ƙirƙire shi kuma ana iya rage shi, ɗan dama na ganin yawancinsa halitta ne ko kuma yana da amfani. Na yarda wannan shi ne ma'auni mafi inganci da muke da shi. Amma shi kansa Bobbio sai da ya ware 'yanci a matsayin ma'auni na dabam, wanda ke raba masu kama-karya da masu haƙuri da adawa a kowane ɓangare. Janar Pinochet na Chile, bayan juyin mulkin 1973, ya sakar wa kasuwa mara bisa shawarar ɗaliban jami'ar Shikago, a daidai lokacin da yake azabtar da 'yan adawa. Libaral ne a kasuwa, fir'auna a ofishin 'yan sanda.

Wani abin kuma, su kansu batutuwan suna ƙaura daga wannan ɓangare zuwa wancan. Jam'iyyar Republican ta Amurka ita ta kafa dokar harajin shigo da kaya ta 1930, ita ta dawo ta zama uwar cinikin da ba shinge a zamanin Reagan, ita ce kuma a ƙarƙashin Donald Trump ta ƙaƙaba wa kusan duk duniya haraji a Afrilun 2025. Duk tsawon wannan lokaci dama ake kiranta.

A nan ne nake da ƙorafi a kan fassararmu. Kalmar sassauci a kunnen Bahaushe yabo ce, tana nuna mutum mai sauƙin kai, mai rangwame, wanda ba ya tsananta wa kowa. Da ita muke fassara libaral, da ita kuma muke fassara mai matsakaicin ra'ayi, kamar yadda aka riƙa kiran Muhammad Khatami na Iran. Sai mai sauraro ya ɗauka duk wanda aka kira da wannan suna mutumin kirki ne mai tausayi. Alhali tsarin da Faransawa da mutanen Latin Amurka ke kira libaral, wato sayar da kamfanonin gwamnati, janye tallafi da karya darajar kuɗi, shi ne abin da muka ɗanɗana da sunan SAP daga 1986, kuma ban san wanda ya ji sassauci a jikinsa ba. Haka nan jam'iyyar da Vladimir Zhirinovsky ya jagoranta a Rasha har mutuwarsa a 2022, da sunan libaral da dimokuraɗiyya take yawo, ga ta kuwa matattarar masu zafin kishin ƙasa. Fassara hagu da dama kai tsaye ma ba ta tsira ba, domin kalmomin sun zo sun tarar da kaya a harshenmu. Da dama ake ci, da ita ake gaisawa, amini shi ne na hannun dama, mai wuyar sha'ani kuwa bahago ne, kuma duk wanda ya yi karatun allo ya san makomar mutanen dama da ta mutanen hagu. Turawa ma suna da irin wannan nauyi a harsunansu, sai dai shekara fiye da 200 na amfani ya goge shi a fagen siyasa. Mu bai goge ba.

Ya kamata kuma mu tuna cewa a wurin wanda aka yi wa mulkin mallaka, wannan rabe-rabe bai taɓa zama kariya ba. Mill, mai littafin 'yanci, ya shafe shekara 35 yana aiki da kamfanin da ke mulkin Indiya, kuma ya fito fili ya ce ƙa'idarsa ba ta shafi al'ummomin da ya ɗauka ba su waye ba. Jules Ferry na Faransa, gwarzon ilimi kyauta kuma ɗan jamhuriya, shi ne ya tsaya a majalisa a 1885 yana kare mamaye ƙasashen wasu. Lokacin da aka murƙushe Satiru a 1906, gwamnatin Liberal ce a Landan. Ita ce kuma a kan mulki da aka haɗe Arewa da Kudu a 1914, sakataren mulkin mallaka na lokacin shi ne Lewis Harcourt, wanda aka sa wa Fatakwal sunansa. Wannan bai soke darajar aƙidar ba. Babi na huɗu na tsarin mulkin 1999, wanda kowane ɗan siyasa ke rugawa gare shi ranar da aka tsare shi ba bisa ƙa'ida ba, gadonta ne, har da masu zaginta a kan mumbari. Amma ya isa ya hana mu ɗaukar laƙabi a matsayin shaidar hali.

Mun ma taɓa gwada shigo da kujerun Basai ƙasar nan da ƙarfin soja. A Oktoban 1989 Janar Ibrahim Babangida ya rushe ƙungiyoyin siyasar da suka nemi rajista, ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu, SDP wadda aka ce ta ɗan karkata hagu, da NRC wadda ta ɗan karkata dama. Gwamnati ce ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi, ta ba su kuɗi. Wannan kuwa bayan kwamitin Cookey, wanda ita ta kafa, ya ba da shawarar a bi tafarkin gurguzu a 1987 an yi watsi da shawarar. Da zaɓen 12 ga Yuni 1993 ya zo, ɗan takarar jam'iyyar hagu shi ne Cif M.K.O. Abiola, ɗaya daga cikin manyan attajiran Afirka, na dama kuma Alhaji Bashir Tofa, kuma dukansu tsofaffin 'yan NPN ne. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Abin takaicin shi ne muna da namu rabe-raben da ya tsiro daga ƙasarmu, mai ma'ana a kunnen kowa. Da NEPU ta fito a Kano a 1950 ta yi maganar talakawa da masu sarauta, ba wanda ya nemi a fassara masa. Kuma idan aka duba abin da su Malam Aminu Kano suka fi shan ɗauri a kansa, wato zaɓe na kai tsaye, 'yancin taro, hana ɗaurin zalunci a kotunan En'e da ƙuri'ar mata, za a ga da yawansa buƙatun da mutanen hagun 1789 za su gane ne nan take, ko da yake a bakin 'yan Sawaba sun haɗu da kukan haraji da jangali.

A zaɓen 2023, manyan 'yan takara uku, Bola Tinubu na jam'iyyar da ke kiran kanta ta masu son ci gaba, Atiku Abubakar na PDP, da Peter Obi wanda ya tsaya a jam'iyyar da ƙungiyar ƙwadago ta kafa, dukansu sun yi alkawarin janye tallafin man fetur. Wanda ya ci ya sanar da janyewar a jawabinsa na 29 ga Mayu, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Da Bafaranshe za a ba labarin, zai ce 'yan libaral uku ne suka yi takara da juna. Ba'amurke kuwa zai ce ko ɗaya babu libaral a cikinsu.